Yadda ake sauya tsohuwar sabar Active Directory ba tare da an tsayar da aikin ofis ba

A nan Kumasi, daga manyan shagunan sari na Adum har zuwa makarantu masu zaman kansu da ƙananan asibitocin wajen Asawase da Aboabo, ana yawan tarar da ofis ɗin da duk rayuwarsa ta rataya a kan saba guda ɗaya mai Windows Server 2012 R2. Ita ke riƙe da Active Directory, rajistar da ta san sunan kowane ma'aikaci, kalmar sirrinsa, kwamfutocin da ke cikin domen, wato rukunin kwamfutocin ofis da ake kula da su daga wuri ɗaya, da wanda aka yarje wa buɗe wace folda. Sabar da ke wannan aiki Domain Controller muke ce mata, DC a taƙaice. Microsoft ta daina fitar wa 2012 R2 gyaran tsaro na kowa da kowa tun 10 ga Oktoba 2023, sai mai biyan kuɗin ƙarin wa'adi, shi ma zuwa Oktoban 2026. Mai 2016 kuma kada ya miƙe ƙafa, nata wa'adin zai ƙare 12 ga Janairu 2027.

Tayar da sabuwar DC ba wani abin tsoro ba ne, umarni biyu ne da sake kunna inji. Abin da ke kayar da mutane shi ne kayan da aka yi ta ɗora wa tsohuwar shekara da shekaru ba wanda ya rubuta. Mafi yawan aikin yana gabanin ranar sauyi da kuma bayanta. Zan bi misalin ofis mai tsohuwar DC ɗaya, KSI-DC01, da domen mai suna kamfani.local, za a koma Windows Server 2022 a kan sabuwa mai suna KSI-DC03.

Wani zai ce me ya sa ba za a saka faifan 2022 a cikin tsohuwar a ɗaga ta a inda take ba. Ni dai ba na ba kowa wannan shawarar a kan DC. Duk dattin shekara goma zai biyo ka cikin sabon tsarin, kuma in abin ya tsaya a rabi, ko wuta ta ɗauke ana tsaka da shi, ba ka da ta biyu da ma'aikata za su shiga da ita ranar Litinin. Gina sabuwa a gefe, ka bar su su yi aiki tare, ka kwashe kaya ɗaya bayan ɗaya, sannan ka sauke tsohuwar.

Wace Windows, kuma wane lasisi

2022 tana da tallafi har 14 ga Oktoba 2031, 2019 kuma har 9 ga Janairu 2029. Dukkansu za su shiga domen ɗin da matakin aikinsa, wato sigar Windows mafi tsufa da yake yarda ta zama DC a cikinsa, ya kai 2008. Windows Server 2025 ta fi tsauri: ba ta yarda ta zama DC sai matakin domen da na Forest, babban rukunin da domen ke ciki, sun kai 2016, wanda ke nufin mai 2012 R2 ba zai yi tsalle kai tsaye zuwa can ba, sai ya yada zango a 2016, 2019 ko 2022.

Ga wani rami da nake so ka kauce wa tun yanzu. Kada ka gina DC da kwafin gwaji na kwana 180 da ake saukewa kyauta, da niyyar sai Alhaji ya saki kuɗi a sa lasisi. Sabar da ta riga ta zama DC ba a juya ta daga kwafin gwaji zuwa cikakke. In kwanakin suka cika za ta riƙa kashe kanta, kai kuma sai ka sake aikin daga farko. Ka kuma sanar da mai kuɗin cewa lasisin masu shiga, CAL, dole ya dace da sabuwar sigar. Na 2012 ba ya ɗaukar 2022. Gara ya ji wannan da wuri a cikin lissafin sidi ɗinsa.

Ka fara da sanin abin da tsohuwar ke ɗauke da shi

Buɗe PowerShell a matsayin mai gudanarwa a kan KSI-DC01 ka adana amsar waɗannan a fayil:

`Get-WindowsFeature | Where-Object Installed`
`netdom query fsmo`
`Get-ADDomainController -Filter *`
`Get-ADForest` da `Get-ADDomain`

Na farko zai nuna maka ko tana raba adireshin IP ta DHCP, ko tana riƙe da firintoci, ko akwai NPS da Wi-Fi ko VPN ke tambaya kafin su bar mutum ya shiga. In ka ga Certificate Services, aikin ba da takardun shaida na lantarki, a jerin, tsaya nan tukuna. Windows ba za ta bari a sauke DC ba muddin wannan aikin yana kanta, kuma ƙaurar da shi aiki ne mai zaman kansa da ke buƙatar nasa kwafin ajiya na makulli da rajista. Duba Task Scheduler ma, da foldojin da aka raba, da duk manhajar lissafi da wani ya girka a kai saboda ita ce injin da ba a kashewa.

Amma umarni ba zai gaya maka komai ba. Ɗauki littafi ka zaga ofis da ƙafarka. Injin fotokwafin da ke tura sikan zuwa folda, na'urar dangwala yatsa ta bakin ƙofa, na'urar kyamarori, akwatin ajiya na NAS a ƙarƙashin teburin akanta, fayawol ɗin da ke bakin intanet: shiga saitin kowanne ka duba wane adireshi aka rubuta masa da hannu a gurbin DNS (mai juya suna zuwa adireshin IP), LDAP (hanyar tambayar rajistar) da agogo. Sau da yawa za ka ga lambar tsohuwar saba ce ita kaɗai. Ka tambayi Hajiya mai lissafi abin da take buɗewa ƙarshen wata kaɗai, domin irin wannan ne ba ya bayyana sai bayan ka kashe tsohuwar da mako uku.

In akwai kwamfuta mai Windows XP da ke haɗe da wani injin awo ko tsohon fotokwafi, rubuta shi da jan biro. Irinsu da SMB1, tsohuwar hanyar raba fayil, suke magana, ita kuwa 2022 ba ta zuwa da shi a kunne, kuma bai kamata ka kunna shi a kan DC ba. Nema musu wata hanya daban, ko a cire su daga domen.

Lafiyar rajistar kafin a taɓa ta

`dcdiag /v /c /e`
`repadmin /replsummary`
`repadmin /showrepl`

Karanta amsar da natsuwa, kada ka nemi kalmar passed kawai ka wuce. Abin da aka fi tararwa shi ne sunan wata DC da ta mutu tun tuni, an jefar da injin amma sunanta na nan a rajista. Goge ta daga rukunin Domain Controllers a cikin Active Directory Users and Computers, ka tabbatar wa Windows cewa ba za ta dawo ba, sannan ka bi ragowarta a Sites and Services da DNS. In kuma akwai DC a reshe, a ce Tamale ko Accra, da ta daɗe ba ta musayar bayani da ta Kumasi, duba tsawon lokacin. Rajistar na riƙe alamar abin da aka goge na kwana 180, ko 60 a domen ɗin da aka kafa tun zamanin Windows 2000. Wadda ta wuce wannan iyaka ba a tilasta mata dawowa, don za ta farfaɗo da asusun da aka riga aka kashe. Sauke ta ake yi a sake gina ta.

Sai kwafin ajiya. Haɗa faifan waje ka buga:

`wbadmin start systemstatebackup -backupTarget:E:`

In ya gama, cire faifan ka kai shi wani ɗaki. Sannan ka tambayi kanka: wa ya san kalmar sirrin DSRM, wadda ake shiga da ita in za a maido da rajista? Yawanci wanda ya sa ta ya bar aiki. Sake ta yanzu ta `ntdsutil`, da `set dsrm password` sai `reset password on server null`. Kwafin da ba ka da makullin maido shi bai tsare ka daga komai ba. Hoton VM, wato sabar da ke gudana a matsayin manhaja cikin wani inji, da ake ɗauka kafin aiki ma ba ya maye gurbin wannan.

SYSVOL: daga FRS zuwa DFSR

A nan ne mutane da yawa ke cin karo da bango. SYSVOL ita ce foldar da ke ɗauke da Group Policy, dokokin da ake tura wa kwamfutocin domen, da rubutun shiga, kuma domen ɗin da aka kafa zamanin 2003 yana iya kasancewa har yau da tsohuwar hanyar FRS yake kwafe ta, ko da an sauya saba sau biyu. 2019 da 2022 ba sa yarda su zama DC a irin wannan domen. Tambaya:

`dfsrmig /getglobalstate`

In ya ce Eliminated, ko ka tabbatar tun asali da DFSR, sabuwar hanyar da ta maye gurbin FRS, aka kafa domen ɗin, ka wuce. In ya nuna ba a fara ƙaurar ba, to mataki uku ne, a kan sabar da ke riƙe da muƙamin PDC, wadda `netdom query fsmo` zai nuna maka, bayan matakin domen ya kai 2008:

`dfsrmig /setglobalstate 1` zai yi sabuwar folda SYSVOL_DFSR ya kwafe komai ciki, tsohuwar na ci gaba da aiki. `dfsrmig /setglobalstate 2` zai juya kwamfutoci zuwa sabuwar. `dfsrmig /setglobalstate 3` zai kawar da FRS gaba ɗaya.

Tsakanin kowane mataki buga `dfsrmig /getmigrationstate` har sai ya ce duk DC sun iso. Kada ka yi gaggawa, kuma kada kowa ya gyara Group Policy a tsakanin na ɗaya da na biyu. Daga 1 ko 2 ana iya komawa baya. Daga 3 babu komawa. Ni nakan bar ofis ya yi cikakken yinin aiki a mataki na 2, in ga firintoci da foldoji na fitowa ga kowa, kafin in buga na ƙarshe.

Gina sabuwar

Girka Windows, ka saka duk gyare-gyaren tsaro kafin komai, ka ba ta sunanta na dindindin da adireshin IP tsayayye. A gurbin DNS rubuta adireshin KSI-DC01 kaɗai. Kada ka sa na Google ko na kamfanin intanet a matsayin na biyu. Ba su san kamfani.local ba, kuma ranar da Windows ta juya gare su sai abubuwa su riƙa ɓacewa ba dalili.

Maganar agogo tana da muhimmanci a Ghana ta wata fuska da ba kowa ke lura ba. Mu a kan GMT muke duk shekara, ba ma matsar da agogo. Yankin lokacin da aka rubuta London a cikinsa yana ƙara awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sai wani ya ga agogon saba ya yi gaba ya mayar da shi da hannu. A ido ya yi daidai, amma a lissafin ciki ya kauce da awa guda. Kerberos, wanda ke tantance masu shiga, minti 5 kawai yake yafewa. Zaɓi UTC ko yankin Monrovia da Reykjavik, a kan saba da kan kowace kwamfuta.

Wuta kuma ba sai na gaya wa mutumin Kumasi ba, mun ga dumsor, zamanin yawan ɗaukewar wuta. Gwada UPS ɗin da kaya a kai, ka zare filogi ka ga minti nawa zai riƙe, domin batirin da ya shekara huɗu yana nuna koren fitila ne kawai. Haɗa wayar USB ɗinsa da saba don ta kashe kanta cikin tsari kafin batir ya ƙare. Suwic ɗin ma ya hau UPS. Ranar aikin a tabbatar akwai mai a janareta.

Shigar da ita domen kamar kowace kwamfuta, sannan ka shiga da asusun da ke cikin Domain Admins, Enterprise Admins da Schema Admins, domin DC ta farko mai sabuwar siga ita ke faɗaɗa tsarin rajistar. Tun daga 2012 Windows na yin adprep da kanta a wannan mataki.

`Install-WindowsFeature AD-Domain-Services -IncludeManagementTools`
`Test-ADDSDomainControllerInstallation -DomainName kamfani.local`
`Install-ADDSDomainController -DomainName kamfani.local -InstallDns`

Na tsakiyar gwaji ne kawai, ba ya canja komai, kuma yana da kyau ka buga shi kwana biyu kafin ranar. Na ƙarshe zai nemi sabuwar kalmar DSRM. Rubuta ta a takarda, a rufe a ambulan, a sa a sef ɗin ofis. Injin zai sake kunna kansa. Ka sani faɗaɗa tsarin rajista ba ya warwaruwa, shi ya sa kwafin ajiya ya riga shi. Lambar tsarin za ta tashi daga 69 na 2012 R2 zuwa 88, kana iya gani da:

`Get-ADObject (Get-ADRootDSE).schemaNamingContext -Property objectVersion`

Lokacin da na fi so shi ne safiyar Lahadi bayan asuba, a tsakiyar wata, nesa da ranar albashi. Shagunanmu da yawa na buɗewa ranar Asabar, don haka daren Juma'a ba ya ba ka sarari kamar yadda ake zato. Bayan an gama, cire asusunka daga Schema Admins.

In reshe ne mai raunin layi za ka gina wa DC, kada ka ja duk rajistar ta VPN. A kan DC mai siga ɗaya da wadda za a gina, yi amfani da `ntdsutil` da `ifm` da `create sysvol full` ka fitar da kwafi, ka kai shi a faifai mai makulli, ka nuna masa hanya da `-InstallationMediaPath`. Wannan faifan yana ɗauke da sirrin kowa. Ba a ba direban mota shi a tasha kamar saƙon kaya.

Kada ka yarda ta zama DC don kawai ta ce ta zama

Buga `net share` a kan KSI-DC03. Dole ka ga SYSVOL da NETLOGON. In babu su, ba ta fara karɓar masu shiga ba, komai kyawun abin da Server Manager ke nunawa. Shiga Event Viewer, kundin DFS Replication, ka nemi lamba 4604, alamar ta gama kwafin farko. In tana ta jira, leƙa kundin tsohuwar. Lamba 2213 na nufin DFSR ya tsaya bayan kashewar bazata yana jiran a tashe shi da hannu, abin da ɗaukewar wuta ke jawowa, kuma saƙon kansa yana ɗauke da umarnin tashinsa. Lamba 4012 kuma na nufin ta wuce kwana 60 ba ta yi musaya da kowa ba, ta kulle foldar. Wannan na faruwa a ofis ɗin da ya taɓa samun DC ta biyu ta mutu aka manta. Maganinsa a ayyana SYSVOL ɗin tsohuwar a matsayin na asali, kuma kafin ka fara ka kwafe foldar gefe.

Sake buga `dcdiag` da `repadmin /replsummary`. Ƙirƙiri asusun gwaji a tsohuwar ka ga ya fito a sabuwar, ka goge shi a sabuwar ka ga ya ɓace a tsohuwar. Buɗe DNS Manager ka tabbatar yankunan sun iso, har da _msdcs, ka duba Forwarders. Sannan ka gyara katin sadarwar kowacce: ta fara da adireshin 'yar'uwarta, nata ya biyo baya.

Muƙamai biyar da agogo

Akwai ayyuka biyar da DC ɗaya tak ke riƙewa a lokaci guda: Schema Master, Domain Naming Master, PDC Emulator, RID Master da Infrastructure Master. Umarni ɗaya ya isa ya kwashe su:

`Move-ADDirectoryServerOperationMasterRole -Identity KSI-DC03 -OperationMasterRole 0,1,2,3,4`

Kada ka ƙara `-Force`. Wannan ƙwace ne, na ranar da tsohuwar ta mutu murus, kuma wadda aka ƙwace wa muƙami ba a sake kunna ta a cikin domen. Tabbatar da `netdom query fsmo`.

Abin da ake mantawa shi ne PDC ce agogon duk domen, kuma saitin agogon ba ya bin muƙamin. A kan sabuwar:

`w32tm /config /manualpeerlist:"0.pool.ntp.org,0x8 1.pool.ntp.org,0x8" /syncfromflags:manual /reliable:yes /update`

A kan tsohuwar:

`w32tm /config /syncfromflags:domhier /reliable:no /update`

Sake kunna hidimar w32time, ka buga `w32tm /query /source`. In ya ce Local CMOS Clock, fayawol na tare ƙofar UDP 123. In VM ce ya ambaci VM IC Time Synchronization Provider, to daga injin da ke ɗauke da ita take karɓar lokaci, sai ka kashe wannan a saitin Hyper-V, kada su riƙa bin juna a da'ira.

Juya kowa zuwa sabon adireshi

Wannan ne ainihin aikin. Ɗan kasuwar da aka ba sabuwar rumfa a Kejetia ya san cewa kwashe kaya yini ɗaya ne, amma masu saye za su yi watanni suna zuwa tsohon wurin. Haka kwamfutocin ofis suke da adireshin tsohuwar DNS.

Fara da DHCP. In a kan tsohuwar yake, fitar da shi da `Export-DhcpServer` tare da `-Leases`, ka girka aikin a sabuwar, ka shigar da `Import-DhcpServer`, ka ba ta izini da `Add-DhcpServerInDC`, sannan ka tsayar da na tsohuwar nan take, kada biyu su riƙa rabon adireshi ɗaya. In a kan rauta ko fayawol yake, can za ka gyara. Ko ta ina ne, zaɓi mai lamba 006 shi ke gaya wa kwamfutoci DNS ɗinsu: sa sabuwar a gaba. Wa'adin adireshi a Windows kwana 8 ne in ba a canja ba, kwamfuta kuma sai ta ci rabinsa take neman sabuntawa, don haka canjin ba zai isa ko'ina yau ba. Rage wa'adin zuwa yini ɗaya mako guda kafin aiki yana gajarta wannan jira. In ofis na da VLAN, gyara adireshin da suwic ke tura buƙatun DHCP.

Sai ka ɗauki littafinka ka koma kan fotokwafi, na'urar yatsa, NAS, fayawol da sauran sabobi, ɗaya bayan ɗaya. Duba Group Policy da rubutun shiga, duk inda aka rubuta `\\KSI-DC01\` a gyara. In kuna amfani da Microsoft 365, duba inda Entra Connect, manhajar da ke haɗa rajistar da Microsoft 365, yake zaune da DC ɗin da aka ɗaure shi da ita.

Duk da haka wani abu zai tsere maka, kuma ga yadda ake kama shi. A DNS Manager na tsohuwar, shiga Properties, ka kunna Debug Logging na tambayoyin da ke shigowa. Bar shi kwana biyu na aiki ka buɗe fayil ɗin. Duk adireshin da ka gani a ciki, ban da na DC, na'ura ce da har yanzu ba ta san an tashi ba. Bi su har jerin ya bushe, sannan ka kashe rubutun don kada ya cika faifai.

Daga nan sai gwajin da ba na tsallakewa: kashe KSI-DC01, ko ka zare mata wayar sadarwa, ba tare da ka sauke ta ba. Sanar da manaja da ma'aikata cewa duk wanda ya ga wani abu ya canja ya kira ka, ko da ƙarami ne. Bar ta a kashe mako ɗaya zuwa biyu, in da hali har ya haɗa da rufe lissafin wata. In wani abu ya tsaya, kunna ta, aiki ya ci gaba, ka gyara a natse. Kada dai ta daɗe har ta kusanci kwana 60.

Sauke tsohuwar

Kunna ta, ka bar ta ta gama musaya da sabuwar, ka ga `repadmin` ba kuskure, sannan:

`Uninstall-ADDSDomainController`

Zai nemi kalmar sirri ta mai gudanarwar injin, ya sake kunnawa a matsayin saba ta kawai. In ta tagar Server Manager kake bi maimakon umarni, kada hannunka ya taɓa akwatin da ke cewa ita ce DC ta ƙarshe a domen. Bayan haka goge sunanta a Sites and Services, ka cire ta daga Name Servers na kowane yanki a DNS, har da na juyi, ka share ragowar bayananta a ƙarƙashin _msdcs. In akwai na'urar da ta gagara gyara, kamar wadda aka rasa kalmar sirrinta, kana iya ƙara wa sabuwar DC tsohon adireshin bayan an kashe tsohuwar gaba ɗaya. Mafita ce ta ɗan lokaci, a rubuta ta.

Yanzu ofis ya koma DC ɗaya, inda aka fito. Kada a tsaya nan. Lasisin Standard ɗaya na ba da damar VM biyu, amma DC biyu a kan inji ɗaya tare suke mutuwa. Ta biyun ta zauna a wani injin, ko ƙarami ne, in so samu a wani gini. Masu cewa a ajiye ta a gajimare ba su yi kuskure ba, sai dai a tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka samu matsala, intanet ta yi rauni a Ghana na kwanaki. Aƙalla DC ɗaya mai DNS ta kasance a cikin ginin da ma'aikata suke.

Da zarar babu sauran DC mai 2012 R2, ɗaga mataki. 2019 da 2022 ba su zo da nasu ba, don haka 2016 ne ƙololuwa:

`Set-ADDomainMode -Identity kamfani.local -DomainMode Windows2016Domain`
`Set-ADForestMode -Identity kamfani.local -ForestMode Windows2016Forest`

Kunna Recycle Bin daga Active Directory Administrative Center in ba a taɓa kunnawa ba. Ba a kashe shi bayan an kunna, kuma ba za ka so kashewa ba ranar da aka goge asusun manaja bisa kuskure. Duba kuma yaushe aka canja kalmar sirrin asusun krbtgt, wanda da shi ake hatimce duk tikitin shiga. A domen da yawa tun ranar kafawa ba a taɓa ba. Ana canja ta sau biyu, amma ba a jere ba: tikiti na rayuwa awa 10, don haka canja yau, ka tabbatar ta isa duk DC, ka sake gobe. Ɗauki sabon kwafin ajiya, ka saita shi ya riƙa gudana kullum, domin na tsohuwar saba ba zai maido da sabuwar ba.

Saura injin da aka sauke. Faifansa da duk faifan ajiyar da aka taɓa haɗa masa sun ɗauki fayil ɗin ntds.dit, inda sirrin shigar kowane ma'aikaci yake a dunƙule, kuma mai ƙwarewa na iya tono shi ko bayan an goge. Dokar kare bayanai ta 2012, Act 843, ta ɗora wa kamfani alhakin tsare bayanan mutanen da ke hannunsa. Kafin a ba wa wani yaro injin ya koyi aiki, ko a kai shi wajen masu sayen tsofaffin kwamfutoci, a cire faifan a shafe su da manhajar da ke rubutu a kan kowane sashe, ko a huda su da injin huda a gaban manaja, a rubuta lambar kowanne da ranar da aka yi a littafin ofis.